Fik ɗin jita da mandolin mai tsada: ya ci kuɗinsa kuwa?

Duk wanda ya taɓa riƙe jita ya san fik, ɗan guntun robar nan mai kusurwa uku da ake maƙalewa tsakanin babban yatsa da manuniya a kaɗa tsirkiya da shi. Sau da yawa ma gyara mai shago ke ba ka shi in ka sayi tsirkiyoyi. To amma akwai irin da guda ɗaya tak yake cin dala 35 ko fiye, kuma masu saye ba su ƙare ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wai da gaske akwai fik ɗin da ya kai wannan kuɗi?

Akwai. Kamfanin BlueChip da ke Knoxville a jihar Tennessee ta Amurka ya daɗe yana sayar da nasa a kan dala 35 guda ɗaya, masu kauri sosai kuma sun fi haka. Red Bear Trading, shi ma a Amurka, yana yin nasa da casein, wani abu mai tauri da ake samu daga furotin ɗin madara, kuma farashinsa ya haura dala 20. Akwai Wegen na ƙasar Holan, da V-Picks da Gravity masu yin nasu da roba mai kama da gilashi, waɗanda suke tsaka-tsaki. A can ƙasa kuma ga Fender da Dunlop na kullum, waɗanda dozin guda bai wuce dala 5 ko 6 ba.

Ka ga ke nan kuɗin BlueChip ɗaya zai sayo maka na kullum wajen 70. Daga nan gardamar ta samo asali.

Me ke cikinsa da ya sa shi tsada haka?

Abu biyu: kayan da aka yi shi da su, da aikin hannu.

Fik na kullum inji ke yin sa. Ko dai a narka roba a zuba a mazubi, ko a buga shi daga faffaɗan falle a fitar da dubbai a rana, sannan a zuba su cikin ganga mai juyawa su gogi juna har kaifin gefensu ya mutu. Babu wanda ya ɗauki guda ɗaya ya dube shi. Shi kuwa BlueChip daga wata robar masana'antu ake yanka shi, dangin polyimide, irin wadda kamfanin DuPont ke sayarwa da sunan Vespel. Ba don kiɗa aka ƙirƙiro ta ba. Sassan injin jirgin sama da na'urorin da ke aiki cikin tsananin zafi ake yi da ita, saboda ba ta narkewa da wuri, ba ta cinyewa da guga, kuma tana da santsi ko ba a sa mata mai ba. Ɗanyen kayan kansa tsada gare shi tun kafin a taɓa shi. Bayan an yanka, sai mutum ya zauna ya sassaƙe gefen bakin ya goge shi, ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka tsadar ba ta yaudara ba ce. Amma kasancewar abu ya ci kuɗi wajen ƙira daban, kasancewar zai amfane ka daidai kuɗin kuma daban.

Ina labarin fik ɗin ƙoƙon kunkuru da tsofaffin makaɗa ke yabo?

Shi ne tushen duk wannan kasuwa. A da can, fik ɗin da aka fi ji da shi daga ƙoƙon bayan wani kunkurun teku ake yanka shi, mai baki irin na shaho. Yana da tauri ba tare da ya yi kauri ba, yana zamewa a kan tsirkiya, kuma yana kama yatsa in hannu ya yi ɗumi. Farautarsa don yin mataji da firam ɗin tabarau da kayan ado ta kusa ƙarar da shi, har yarjejeniyar CITES da aka rattaba wa hannu a 1973 ta kai ga haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Tun kafin haramcin ma ana neman madadinsa. A 1922 Luigi D'Andrea ya fara yanka fik daga wata irin roba da ake kira celluloid a birnin New York, kuma daga kamfaninsa aka sami samfurin nan mai lamba 351 wanda Fender ya yaɗa har ya zama shi ne siffar da kowa ke kawowa a rai in an ce fik. A 1981 Dunlop ya fito da Tortex, da hoton kunkuru a jikinsa don a gane abin da yake kwaikwayo. Masu casein da masu polyimide na yau duk alƙawari ɗaya suke yi: za mu ba ka abin da ya fi kusa da na kunkuru ba tare da an kashe kunkuru ba.

In wani ya yi maka tallar na kunkuru na asali, ka bar masa kayansa. Ban da hukuncin da ke kan shiga da shi wata ƙasa, yana tsagewa, yana buƙatar gyaran baki a kai a kai, kuma da yawa daga abin da ake sayarwa da sunansa roba ce aka yi wa zane.

Sautin yana canzawa kuwa, ko dai zuciya ce kawai ke raya wa mutum?

Yana canzawa, babu tantama. Fik shi ne abin da ke taɓa tsirkiya, kuma yadda ya sake ta shi ke tsara yadda za ta yi rawa. Inda mutane ke ruɗewa shi ne wajen gane abin da ya kawo canjin.

Abubuwa huɗu ne ke kawo shi. Ɗauki kauri da farko. Siririn fik, kamar jan Tortex mai milimita 0.50, lanƙwashewa yake in ya haɗu da tsirkiya. Sai ya jinkirta kaɗan, ya fizge, ya buga ta gaba da wani ɗan "tas-tas". Ƙarfin hannunka rabi a lanƙwasar ya tafi. Sautin yakan fito siriri, mai ƙara, wanda yake da daɗi in kana share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya kana raka waƙa. Mai kauri kuwa, daga milimita 1 zuwa sama, ba ya ba da kai. Abin da hannunka ya bayar shi tsirkiya ke karɓa, sautin ya cika, ya yi ƙarfi, kuma duk kuskurenka ya fito fili.

Sai siffar baki. Baki mai tsini yana sakin tsirkiya farat ɗaya, sautin ya fito da kaifi. Baki mai zagaye yana jan jiki a kanta kafin ya sake ta, wanda ke danne ƙananan sautuka masu ƙara ya bar masu kauri. Makaɗa da yawa sun gano haka da kansu: sai su juya fik ɗin su riƙa kiɗa da kafaɗarsa maimakon bakinsa.

Na uku shi ne sassaƙar gefe. Ka ɗauko tsohon fik mai kauri da ka daɗe kana amfani da shi ka ɗaga shi a haske. Za ka ga gefen bakin ya cinye ta ɓangare ɗaya a gaba, ta ɗaya ɓangaren a baya, ya yi ɗan gangare mai sheƙi. Tsirkiya ce ta sassaƙe shi daidai da yadda hannunka ke karkata. Wannan gangaren ke sa ya riƙa sulɓewa ba ya sarƙewa. Masu yin fik mai tsada tun daga masana'anta suke sassaƙa shi, don kada ka jira watanni.

Kayan da aka yi shi da su su ne na huɗu, kuma a ganina su ne mafi ƙarancin tasiri cikin huɗun. Suna da nasu: nailan yana da taushin sauti, celluloid yana da ɗumi, roba mai kama da gilashi tana ɗan yin "cis" a kan tsirkiya, polyimide kuma yana rage ƙarar gogayya sosai. Amma abin da ke faruwa da yawancin masu ba da shaida shi ne, mutum ya shekara yana kiɗa da siririn fik na milimita 0.73, sai ya sayi na dala 35 mai kaurin 1.5, mai faɗi, mai sassaƙaƙƙen gefe. Ya ji jitarsa ta canza murya, sai ya ce kuɗi ne suka yi aiki. Alhali da ya sayi mai araha mai irin wannan kauri da wannan siffa, da ya sami kaso mafi girma na abin da ya ji.

Me ya sa 'yan mandolin suka fi kowa nacewa a kan wannan?

Saboda kayan kiɗansu ba ya yafe kuskuren fik. Mandolin tsirkiya takwas gare shi, an jera su biyu-biyu, ana ɗaure su da muryoyin goge irin na Turawa. Tsawon tsirkiyar wajen santimita 35 ne, kusan rabin na jita mai wajen 65, kuma a ɗame take tamau. Kowane bugu sai fik ya ratsa tsirkiya biyu a tare. Siriri lanƙwashewa zai yi a ta farko, ya iso ta biyu a makare.

Ga kuma wata matsalar: sautin mandolin ba ya daɗewa, da ka buga ya mutu. In ana son a ja murya ta yi tsawo, sai an riƙa kai da komo da fik a kan tsirkiya cikin sauri ƙwarai, hannu na karkarwa. A irin wannan gudu, ɗan ƙaramin kaushi a gefen fik ya isa ya sa hannu ya riƙa tuntuɓe. Shi ya sa za ka ga masu mandolin da manyan fik masu kusurwa uku daidai wa daida, kaurin milimita 1.4 ko 1.5.

Yawancin wannan kasuwa a cikin kiɗan bluegrass ta girma, salon da Bill Monroe ɗan jihar Kentucky ya kafa da mandolin ɗinsa ƙirar Gibson F-5 ta 1923. A wannan kiɗa babu lantarki. Mutum biyar ne za su tsaya a da'ira, ga banjo mai tsananin ƙara, ga goge, kai kuma da jita ko mandolin kana son a ji ka in layinka ya zo. Ba ka da maɓallin da za ka murɗa. Duk abin da zai ƙara maka ko da ɗan kaɗan na ƙarfi da tsabtar sauti, za ka neme shi. Chris Thile, ɗaya daga cikin fitattun masu mandolin na wannan zamani, har samfuri aka yi da harufan sunansa a BlueChip, wato CT55. Lambar 55 ɗin kaurinsa ne, wato inci 0.055, daidai da milimita 1.4. David Grisman kuma, wanda shi ma mai mandolin ne, ya shahara da fik mai zagayayyen baki da ake kira Dawg, wanda ba shi da wata tsada, kuma ba wanda zai ce sautinsa ya gaza.

Ga mai mandolin da ya riga ya ƙware, wanda kayan kiɗansa suka ci dubban daloli, dala 35 a kan abin da ke taɓa tsirkiyar ba wauta ba ce. A nan ne na fi yarda cewa kuɗin na iya biyan kansu.

To mai jitar lantarki fa?

Shi ribarsa kaɗan ce. Tsakanin fik da kunnen mai sauraro akwai maganaɗisun jita, da waya, da akwatunan canza sauti, da amfilifaya. Kowannensu yana shafa wa sautin nasa launi, ɗan bambancin da polyimide ya kawo sai ya nutse. Jazz III na Dunlop, ƙarami mai tsini da ya fito a 1976, shi ne abin da dubban masu gudun yatsa ke riƙewa har yau, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

An ce masu tsadar ba sa cinyewa. Ashe a ƙarshe ba su suka fi araha ba?

Batun rashin cinyewa gaskiya ne ga polyimide. Mai kiɗa kullum zai iya shafe shekaru da guda ɗaya bakinsa na nan yadda yake, alhali celluloid a hannun mai bugu da ƙarfi makonni kaɗan zai yi ya zama gundul. Masu cewa araha ba ta ado a nan suke kafa hujja.

Sai dai fik ba tsufa ke kashe shi ba, ɓata ke raba shi da mai shi. Yana faɗawa cikin ramin jita, ka kifa ta a saman kanka kana girgizawa kana leƙe, kana jin sa yana ƙwaram-ƙwaram a ciki ya ƙi fitowa. Yana bin aljihun wando zuwa wanki. Aboki ya ce ara mini, ya tafi da shi ba da niyya ba. Ga BlueChip launin ƙasa-ƙasa ne, in ya faɗi a kan daɓe ko dandamalin katako cikin duhu sai an haska fitila. Kafin ka yi lissafin shekaru, ka tambayi kanka fik nawa ka ƙarar da shi har ya cinye, nawa kuma suka yi ɓatan dabo. In na biyun sun fi yawa, lissafin ba ya tare da kai. Wasu dai sukan ce tsadar ce ta koya musu adana, suna mayar da shi cikin ɗan gwangwani duk sanda suka ajiye jita. Wannan ya danganta da halin mutum.

Manyan makaɗa duk masu tsadar suke amfani da su?

Ina! Brian May na ƙungiyar Queen da tsohon sulen Ingila na sisi yake kiɗa, saboda ba ya lanƙwasa kuma zarge-zargen gefensa na ba shi wani kaushin sauti da yake so. Wasu kuma ba ruwansu da fik sam. Bombino na Agadas da Mdou Moctar, 'yan Nijar da suka zaga duniya da jita, da yatsunsu suke kaɗawa, haka ma marigayi Ali Farka Touré na Mali. In salon da kake bi ke nan, kuɗinka su huta.

Ni sabon koyo ne. In saya?

A'a. Har yanzu ba ka san kaurin da hannunka ke so ba, kuma abin da kake so yau zai canza nan da wata shida. Sayi fakitin gauraye mai kauri daban-daban. Tortex ya sauƙaƙa abin da launi: ja 0.50, ruwan lemo 0.60, rawaya 0.73, kore 0.88, shuɗi 1.0, shunayya 1.14. Ragowar kuɗin ka sa a sababbin tsirkiyoyi, ko ka kai jitar wurin mai gyara ya daidaita tsayin tsirkiya daga wuya. Waɗannan biyun za su canza maka sauti da sauƙin kiɗa fiye da kowane fik.

Babu wani abu a tsakani, tsakanin na sisin kwabo da na dala 35?

Akwai, kuma nan ne na fi tura mutane. Primetone na Dunlop ana yin sa da roba mai tauri da suke kira Ultex, yana zuwa da sassaƙaƙƙen gefe, akwai shi a babbar siffa mai kusurwa uku irin ta 'yan mandolin, kuma fakitin guda uku bai kai rabin kuɗin BlueChip ɗaya ba. Wegen TF140, mai ramuka a tsakiya don riƙo, shi ma sananne ne a wajen masu bluegrass. Golden Gate mai zagayayyen baki kuwa tsohon abokin masu mandolin ne.

Kana kuma iya yin sassaƙar da hannunka. Nemi fik mai araha mai kaurin milimita 1.4 ko fiye. Riƙe shi yadda kake riƙewa in za ka yi kiɗa, ka lura da gefen da ke fara taɓa tsirkiya in ka buga ƙasa, da wanda ke taɓawa in ka dawo sama. Shimfiɗa samfefa mai laushi a kan tebur, ka goga waɗannan gefuna biyu a karkace, a hankali, kana dubawa. Koma kan wadda ta fi ta laushi, sannan ka ƙarasa da guga a kan kwali ko ƙyallen jins har ya yi sheƙi. Ka shafa da farce: in ka ji wani ɗan kaushi, tsirkiya ma za ta ji shi. In ka lalata na farko, asarar ba ta kai kuɗin shayi ba.

Zafi da gumi suna yi musu illa?

Ga casein, ƙwarai. Yana shan danshi, kuma zafi na sa shi ya lanƙwashe. Kada ka bar shi cikin aljihu ko cikin mota a rana, kada kuma ka gwada lanƙwasa shi da hannu don ganin taurinsa, karyewa zai yi. Wanda ke zaune a ƙasa mai zafi ya yi tunani sau biyu kafin ya zuba kuɗi a kansa. Celluloid shi ma yana lanƙwasa, kuma wuta na kama shi nan take, a nisanta shi da sigari da kyandir. Polyimide da Ultex ba ruwansu da wannan duka.

Batun riƙo kuma ya danganta da fatar mutum. Masu BlueChip da yawa suna cewa yana manne wa yatsa in ya ɗumama duk da santsinsa. Wasu masu yawan gumi kuma sai ya riƙa juyawa a hannunsu a tsakiyar kiɗa. In ya fara haka, wanke shi da sabulu, maiƙon hannu ne ya taru.

Ta yaya zan gane ko ni ina jin bambancin?

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin sai an yi shi da adalci. Ara mai tsadar in akwai wanda zai ba ka. Nemo mai araha mai kauri ɗaya da siffa ɗaya da shi, don kada ka auna abubuwa biyu a lokaci guda. Aje waya a nesa da kai kamar taku uku, ka ɗauki kiɗa iri ɗaya da kowanne, ka sa wani ya kunna maka su ba tare da ya gaya maka wanne ne wanne ba.

Kada ka yi mamaki in ka kasa rabewa a rikodin alhali kana jin bambanci a hannu. Mai kiɗa kunnensa na saman jita, yana jin gogayyar fik da masu sauraro ba sa ji, yatsunsa kuma na jin yadda yake sulɓewa. Wannan jin na hannu ba ƙarya ba ne. In fik ya sa ka daina matse shi, wuyan hannunka ya saki, kiɗanka zai gyaru ko da sautin bugu ɗaya-ɗaya bai canza ba. Sai dai ka san cewa daɗin hannunka ka saya.

Na yanke shawara zan saya. Me zan kula da shi?

Fara da siffa da kaurin da ka riga ka saba da su a masu araha, kada ka canza komai sai kayan. Duba sassaƙar gefen da kyau wajen oda: akwai ta na-dama, akwai ta bahago, akwai kuma wanda aka zagaye gefensa kawai ba tare da gangare ba. Abin da ke raba su shi ne yadda fik ke karkata a hannunka, shi ya sa wasu na-dama masu riƙo a juye suke buƙatar ta bahago. Tsohon fik ɗinka da ya cinye zai nuna maka wadda ta dace da kai. In ka ɗauki mai kusurwa uku daidai wa daida, baki uku ka samu a kuɗin ɗaya.

In daga wajen Amurka ko Turai kake, haɗa da kuɗin aike da canjin dala a lissafinka, don suna iya kusan ninka farashin. Ya fi sauƙi ku haɗu ku biyu ko uku ku yi oda ɗaya, ko ka jira mai zuwa ya riƙo maka a aljihun jaka. Ka kuma saya daga kamfanin kansa ko dillalin da ya amince da shi, domin ba wuya a yanka roba mai launin ƙasa a buga mata suna.